Shirun Gidan Kawu Thawin

Rana na gab da faɗuwa Lamyai ta rufe rumfar taliyarta, ta ɗaure Daeng a bayan a-kori-kura, ta kama hanyar da ta ratsa gonakin shinkafa. Daeng jan kare ne mai karyayyen kunne, ta ɗauko shi ne daga gidan karnukan titi da ke bayan haikali. Laifinsa ɗaya, kuka. Da almuru ta yi sai ya ɗaga baki sama, maƙwabta su yi ta tsine mata, don kowa a garin ya san fatalwa kare ke gani in yana irin wannan kukan. Ta gaji. Ta yanke shawarar sayen ɗan kwikwiyo mai asali a wurin Kawu Thawin, mai kiwon da aka ce karnukansa ko tari ba sa yi, a hanyar dawowa kuma ta sauke Daeng a bakin titi ta ƙara gaba. Ta san abin kunya ne, shi ya sa ta jira gari ya fara duhu.

Tun daga ƙofar gidan Kawu Thawin wari ya tare ta. Zarnin fitsari, ruɓaɓɓiyar shinkafa, da wani ɗoyi mai zaƙi-zaƙi. Ƙudaje sun yi baƙi ƙirin a jikin wayar shinge.

"Shigo, 'yata," in ji wata murya ƙasa-ƙasa. "Taka a hankali, da santsi."

Kawu Thawin ne tsaye cikin singileti, fuskarsa a kumbure kamar burodin da ya kwana a ruwa. Ya ja ta zuwa wata rumfar kwano. Keji kan keji, kashin na sama na zuba a kan na ƙasa. Uwayen karnuka sun rame, gashi ya cukurkuɗe, kwanonin ruwa sun bushe ƙamas. Wai a nan ake haifo fararen 'yan gatan nan da ake ɗaura wa kintinkiri a kasuwa. Tir!

"Kawu, ya na ji gidan shiru haka?"

"Ai shirun kuke zuwa saye." Ya yi 'yar dariya. "Jijiyar murya nake tsinke musu. Da hannuna, ba ruwana da likita."

Ya miƙo mata wani farin kwikwiyo. Hannunsa ya gogi nata. Sanyi ƙalau, ga laushi irin na gwandar da ta ruɓe.

A nan ta lura. Karnukan duk sun miƙe tsaye. Kowanne ya ɗaga baki sama, wuya a miƙe, haƙarƙari na hawa da sauka. Ba sauti, sai huci. Ta san wannan tsayuwar, kullum tana ganinta a tsakar gidanta.

Kuma dukansu Kawu Thawin suke fuskanta.

"Masu kyan suna ciki," ya raɗa mata. "Zo."

Ƙafafunta suka bi shi ba da izininta ba. Ɗoyin ya ƙaru. A bakin ɗakin ciki, wasu ƙafafu biyu sun leƙo daga bayan buhunan abinci. Sun kumbura, sun yi kore, tsutsa na motsi tsakanin yatsun.

Silifas ɗin da ke jikinsu, shi ne a ƙafar wanda ke jan ta.

Ta buɗe baki. Ba abin da ya fito.

Yatsu masu sanyi suka hau maƙogwaronta, suna lalube.

"Ba zafi," in ji shi.

Can waje Daeng ya saki kuka. Dogo, mai muni, wanda ya hana unguwa sakat. Yatsun suka yi sako-sako. Lamyai ta fizge, ta zame cikin ƙazanta, ta tashi, ta sheƙa, ta faɗa a-kori-kurarta ta ja. Sai da ta ga fitilun gari sannan ta tsaya ta yi ta kwara amai, farin kwikwiyon na maƙale a rigarta.

'Yan sanda suka ce mutumin ya daɗe da mutuwa. Mutanen gidan karnukan bayan haikali suka kwashe karnukan da suka rage da rai.

Muryar Lamyai ba ta dawo ba, sai raɗa. Yanzu ludayi take bugawa a tukunya ta kira masu saye. Wani lokaci da almuru, farin karen kan fuskanci ƙofar gida ya ɗaga baki sama, shiru, sai Daeng ya karɓa masa da iya ƙarfinsa. Maƙwabta su hau zagi. Ita kuwa takan sa sakata, ta ƙara wa Daeng ƙashi a kwano.