Mai Shiga Kwamfutar Kantin Magani

Sau uku mai gyaran kwamfuta yana canza kalmar sirrin kantin maganin, amma kullum sai mai kantin ta kira shi:

"Malam, an sake buɗe bayanan marasa lafiya! In ba ka iyawa, in nemi wani."

Ransa a ɓace, ya sa ta kulle shi a ciki bayan an tashi. Can sai kantin ya ɗauki sanyi, ya ji ana danne-danne. Ya leƙa, ga wata mata zaune gaban kwamfutar.

"Baiwar Allah, wa ya ba ki kalmar sirrin?"

"Kai mana," ta ce, ko juyowa ba ta yi ba. "Kana rubutawa ina tsaye a bayanka."

Ya ja tsaki, ya sunkuya zai zare wayar wuta. A zare take. Daga ƙasan zanen matar kuwa, kofato biyu ne suka leƙo.