Ranar da Tsohuwar Miksa Ta Yi Shiru

Mutum huɗu ne ke shiga ɗakin ɗaukar sautin nan, kuma kowa da abin da ya rasa. Mai situdiyon ta gaji ginin da tsohuwar miksa, wato na'urar haɗa sauti, daga mahaifinta, amma ba ta gaji sanin yadda ake tayar da ita ba. Dogo, matashin da ke ɗaukar murya, yana da kunne, ba shi da haƙuri. Baba Mai Waya, wanda aka ɗauko ya gyara na'urar, haƙuri kam har ya yi masa yawa. Abin da ya rasa babu wanda ya sani tukuna. Ta huɗu jikarsa ce, 'yar shekara tara, wadda ba ta da kowa sai shi. Kullum aka tashi daga makaranta nan take zuwa.

Wata uku Baba ya yi yana aikin. Ranar Talata da ƙarfe goma na safe za a yi gwaji a gaban wani mawaƙi. Da ƙarfe tara mai situdiyo ta kira ofishin 'yan sanda, ta ce an yi sata, kuma Dogo take zargi. Kafin Sufeto ya iso, wani kofur ya riga ya kai Dogo ofis, an kulle shi bayan kanta.

Sufeto mutum ne da ba ya gaggawa. Ya duba ƙofa, ba a ɓalle ta ba. Ya zagaya bayan miksar, wadda ta kai faɗin gado. A ciki ƙananan kwalabe ne a jere kamar ƙwan lantarki.

"Baba, waɗannan fa?" ya tambaya.

Tsohon na duƙe yana naɗe waya, bai ɗago ba. Sai da Sufeto ya zo gabansa ya maimaita.

"Bawul ke nan, ranka ya daɗe. Su ke ba murya ɗumi. An daina ƙera irinsu. Huɗu aka cire, kuma biyu-biyu suke tafiya, sai an auna an ga sun dace. In babu su, ba ta magana."

"Yaushe ka bar nan jiya?"

"Ƙarfe huɗu na kulle. Ban dawo ba sai yau."

Sufeto ya haska tocila. Ramukan da aka zare bawul ɗin lafiya lau suke, babu ƙarfen da ya lanƙwashe. Kuma an liƙe kowane rami da ɗan salatif don kada ƙura ta shiga. Ya daɗe yana kallon salatif ɗin. Shekararsa ashirin yana bin ɓarayi, bai taɓa ganin wanda ya ji tausayin abin da ya bari ba.

A ofis, Dogo ya rantse shi ma ƙarfe huɗu ya tafi.

"Mai gadi ya ce ya ga ka dawo ƙarfe biyar," in ji Sufeto.

Dogo ya sunkuyar da kai. "Na dawo, yallaɓai, ni ma ina da makulli. Baba ya hana kowa kunna ta, ni kuwa wata uku ina kallonta kamar mota a bayan gilashi. Na kunna, na saurara minti goma, na kashe."

"An ce kai ka fi kowa cewa a sayar da ita."

"Na faɗa. Amma da na ji muryarta jiya, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Abu ɗaya ne: cikin layukan sautinta, layi na bakwai yana ƙugi kamar ƙudan zuma a cikin kwalba."

"Ka gaya wa Baba?"

"In gaya masa ya san na taɓa? Abin da ya ɗaure mini kai, jiya da rana Baba ya sa abin saurare a kunnensa, ya ce wa mai situdiyo ta yi tsaf. Ƙugin nan kuwa ko yaro zai ji shi."

Sufeto ya rubuta, ya ja layi a ƙarƙashi.

Da ƙarfe biyu ya koma situdiyo. Ya tarar da yarinyar zaune a kan benci da jakar makaranta, tana kuka ƙasa-ƙasa. Ya zauna gefenta.

"'Yata, wa ya taɓa ki?"

"Malama ce ta sa ni tsintar takardu saboda na je babu safa. Safa ƙafa biyu gare ni, jiya na wanke na shanya, da safe duk babu."

"Ɓarayin bana sun lalace, har safa?"

Ta yi dariya tana share hanci.

"Me kike yi in kin zo nan?"

"Wasa muke yi da Kaka. Ya sa mini abin saurare, yana taɓa waya. In na ji ƙugi in ɗaga hannu, in ya yi shiru in sauke. Ya ce kunnena ya fi na zomo."

"Jiya ma kun yi?"

"A'a, kwana uku ban zo ba, muna jarrabawa."

Sufeto ya tambayi mai situdiyo ko an taɓa ɗage gwajin. Ta ce sau biyu Baba ya roƙa a kai shi Asabar, ita kuwa ta ce wannan karon ko minti ɗaya ba za ta ƙara ba. Asabar, ranar da babu makaranta. Sufeto ya rufe littafinsa.

Baba na cikin ɗakin, ya juya baya yana goge maɓallai da tsumma. Sufeto ya tsaya taku biyu a bayansa, ya ɗaga murya ya ce, "Baba, mun gano inda bawul suke."

Hannun tsohon bai tsaya ba. Ya ci gaba da gogewa.

Sufeto ya zagayo gabansa, ya jawo kujera, ya yi magana a hankali yadda za a iya karanta leɓensa.

"Tun yaushe kunnen?"

Tsumman ya faɗi daga hannun Baba.

"Shekara biyu. Na hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama saura kaɗan."

"Safar yarinya fa?"

Tsohon ya jawo akwatin kayan aikinsa, ya ɗaga tiren sama. A ƙasa safa huɗu ne farare, kowace da bawul ɗaya a ciki.

"Ba sayarwa zan yi ba, ranka ya daɗe. Bayan magariba na dawo, mai gadi ya fita. Na ce in suka ɓace kwana huɗu, Asabar ta zo, yarinyar ta saurara mini, sai in ce na samo wasu. Shekara arba'in da kunne nake ci. Ranar da aka ce Mai Waya ba ya ji, wa zai sake kawo mini ko rediyo? Ita kuma da me zan riƙe ta?"

"Na ji wannan," in ji Sufeto. "Amma da safe kana tsaye aka sa wa Dogo ankwa. Wannan da ido ake gani, Baba, ba da kunne ba."

Hawaye ya gangaro wa tsohon cikin gemu. "Na gani. Na yi shiru. Shi ne abin da ya fi satar muni."

Mai situdiyo, da ke bakin ƙofa, ta ce ta janye ƙara. Sufeto ya ce wannan sai a ofis, a rubuce, kuma ba za a buɗe wa Dogo ba sai Baba ya bayar da jawabi da bakinsa.

"To mu je," in ji Baba. "Amma a bar ni in mayar da su tukuna. Ba a barin rami a buɗe."

Ya ɓare salatif, ya zaunar da bawul ɗaya bayan ɗaya, ya miƙa wa jikarsa safarta.

"In yaron ya fito," ya ce wa mai situdiyo, "ki ce ya saurari layukan duka, ni in riƙe ƙarfen walda. Da tun farko haka na yi."

Kofur ya ciro ankwa, Sufeto ya girgiza masa kai. Ya riƙe hannun tsohon da kansa, suka nufi mota.

Yarinyar ta biyo su har bakin titi. Ta kira, "Kaka!" Bai waiwayo ba. Sai ta ruga ta sha gabansa, ta tsaya inda zai ga fuskarta, ta ce za ta jira shi. Ya gyaɗa kai.

A ranar ta gane cewa ɗaga hannun nan ba wasa ba ne. Wata uku ita ce kunnen kakanta, kuma tsoro ne ya hana shi faɗa mata.