Fasinjar Ɗanzomo

Wata Alhamis a 1976 Lauratu tana zaune a bakin hanyar Ɗanzomo, da sandunanta biyu da ɗaurin faya-fayan sayarwa. Motoci uku sun wuce ta, wai ɗaukar gurguwa ɓata lokaci ne. Ta huɗu ce ta taka birki.

"Ina zuwa, 'yanmata?" in ji direban, Ilu.

"Kasuwar Maigatari. Amma kada wani ƙato ya ɗaga ni kamar buhun gero."

To fa! Ilu ya mai da fasinjan gidan gaba baya, ya kifa mata akwatin kayan gyara ta taka. Kafin mako ya zagayo ya sa maƙeri ya liƙa wa motar matakala. 'Yan tasha suka yi ta masa tsiya, ko a jikinsa.

"Tausayi ne ko so?" ta tambaye shi wata rana.

"Tausayi ba ya hana mutum cin tuwo, Laurena."

Ita ma ta kamu, ba ƙarya. Sai dai da maganar aure ta taso, mahaifiyarsa, Hajjo, ta ce atafau ba ta yarda ba: mai ƙafa ma yaya ta ƙare da aikin gida? Da Lauratu ta ji, ta aika masa wasiƙa da ajami: "Direbana, ba zan shiga tsakaninka da Inna ba. Ka yi haƙuri." Ta koma cin kasuwar Gumel don ta kauce masa, tana tafe tana kuka.

A tashar Gumel ne wata rana ta ga wata tsohuwa mai ciwon gwiwa ta kasa hawa babbar mota.

"Iya, matsa gefe, kin tare hanya!" in ji ɗan kamasho. Mota ta tashi ta bar su su biyu.

Lauratu ta gyara mata tabarma, ta miƙa mata fura.

"Kullum haka suke miki?" in ji tsohuwar.

"Kullum. Direba ɗaya ne ya taɓa tsaya mini, wani Ilu. Har ya so aurena, na haƙura saboda mahaifiyarsa."

Tsohuwa ta kama hannunta.

"Ni ce uwar tasa, 'yar nan. Wallahi na ji kunya."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Hajjo da kanta ta dafa kan amarya ta ce, "Allah ya yi muku albarka, ni kuma ya yafe mini."