Lungun Da Mota Ba Ta Shiga

"Ku koma da abinku!" in ji Zebo.

Matan unguwa suka yi cirko-cirko a barandar asibiti, kowacce da ƙullin abincinta. Gwaggo Salomat, wadda ta riƙo babban farantin shinkafar osh yana ta tururi, ta saki baki.

"Zebo 'yar nan, da burodi fa a kai... Wa kika taɓa ji ya mayar da burodi?"

"A kaina za a fara! Ɗana na kwance ba ya jin ƙafafunsa, shinkafa zan ɗura masa ya miƙe?"

"Kul!" Inna Muborak, uwar mijinta, ta daka mata tsawa. "Ki iya bakinki, a gaban mutane kike."

"Mutanen nan mazansu ne suka naɗe min ɗa a darduma, Inna!"

Wallahi duk mai adalci ba zai ga laifinta ba. Shekara da shekaru Zebo tana aiki a ɗakin amsa kiran gaggawa na garin Margilon, ita ce muryar da kake ji idan ka kira motar asibiti. Ta san lungunan garin kamar yunwar cikinta, ta kuma san nasu, Lungun Marina, mota ba ta shiga. Da can tana shiga. Sai wannan ya turo tandarsa waje, wancan ya kewaye wa tumakinsa wuri, wani ya ƙara dakali. Uwa-uba ɗakin baƙin da marigayi surukinta ya gina da hannunsa, ya tokare kwanar lungun kamar ƙashi a maƙogwaro. Ta yi magana a gida, ta yi a taron unguwa, har aka laƙaba mata Uwar Jiniya ana ta dariya.

Rannan da hantsi waya ta yi ƙara a wurin aiki, ta ɗaga, sai ga muryar Inna cikin kuka: ɗanta Asil ya faɗo daga rumfar inabi. Zebo ta tura mota, tana ihu, "Kada ku taɓa shi! Kada kowa ya ɗaga shi!" Mota ta zo bakin lungu ta cije. Maza suka ji kukan jiniya, hankalinsu ya tashi. Kafin ma'aikata su ƙaraso da gadon ɗauka, sun naɗe yaron a darduma sun rugo da shi, bayansa na lanƙwashewa. Duk tana ji a wayar da Inna ta manta ba ta kashe ba.

Yanzu kuma an zo mata da shinkafa. Ihu bayan hari!

Doniyor, mijinta, ya ja hannunta zuwa bayan matakala. Idanunsa sun yi ja, hannuwansa shuɗi da rinin siliki tun na ranar, ko wankewa bai yi ba.

"Maman Asil, don girman Allah... Da kyakkyawar niyya suka zo."

"Da kyakkyawar niyya suka karya shi."

"Likita ya ce akwai rabon ya taka..."

"Ya kuma ce za a riƙa kai shi asibiti a kwance, ana dawo da shi a kwance, har ƙashin ya haɗe. Ta ina? A darduma?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ka rushe ɗakin nan, Baban Asil."

"Zebo..."

"Ka rushe shi!"

"Shi kaɗai Baba ya bari! A ciki aka yi masa wanka. Kullum da safe Inna sai ta shiga ta share, ta zauna tana yi masa hira kamar yana nan. Ki ce in kashe ta kawai."

"Ni fa? Ni da na zauna riƙe da waya ina jin kukan ɗana, ban mutu ba ne?"

"Rabin raina, ki saurare ni. Wallahi tun ranar da na fara ganinki ban taɓa..."

"Riƙe daɗin bakinka!" Ta fizge hannunta, hawaye na zuba. "Ina sonka, Allah ya sani, shi ya sa abin ya fi min ciwo. Amma idan aka sallame mu, gidan iyayena na garin Rishton zan wuce da shi. Ƙofarmu a bakin titi take. Ka zauna da ɗakinka."

Ta juya ta koma wajen ɗanta.

Makonni suka shuɗe. Abokan aikinta suka raba lokacinta a tsakaninsu, babu wanda ya yi ƙorafi. Matan unguwa kuwa ba su yi zuciya ba, sai dai sun daina shigowa. Su ajiye abinci wajen mai gadi, su tafi. Ita kuma ta raba wa masu jinya. Doniyor na zuwa kullum, ya zauna gefen ɗansa, ya tafi, babu mai ɗaga maganar. Da sallama ta matso ma sai ya ɗauke ƙafa gaba ɗaya. Zebo ta ce a ranta, shi ke nan, ya zaɓa.

Ranar sallama Yaya Erkin, tsohon direban motar asibitin da ta daɗe tana aikawa, shi ya zo da mota. Aka kwantar da Asil a baya, ta zauna kusa da shi.

"Rishton za mu, Yaya Erkin."

"To, ranki ya daɗe."

Tafiya kaɗan ta ɗaga kai.

"Wannan ai ba hanyar Rishton ba ce!"

"Tsufa ne, ƙanwata. Idan ba ke kike faɗa min hanya a waya ba, ɓata nake."

"Ka juya! Yaya Erkin, ba na son wasa, ka juya na ce!"

Ko a jikinsa. Ya karya kan mota zuwa Lungun Marina. Ta rintse ido tana jiran inda za a cije. Mota ta ci gaba da tafiya.

Ta buɗe ido. Babu tandar Gwaggo Salomat. Babu makwancin tumaki, babu dakali. Katangu sun ja da baya, sabon yaɓe bai ma bushe ba. Maza ne birjik da cebur da kwanon ƙasa, wasu fuskokin ko saninsu ba ta yi ba, sun yi futu-futu da ƙura. Aikin gayya aka kira, hashar, irin wanda ake yi wa mai ginin gida, yau ga shi an kira shi don rushewa.

A kwanar da ɗakin baƙin yake kuwa, fili ne fetal.

Motar ta tsaya daidai ƙofar gidansu. Baba Tursun mai unguwa ya matso da sandarsa.

"Uwar Jiniya," ya ce. "Mun yi dariya, kin yi gaskiya. Ni ne na riƙe gefe ɗaya na dardumar nan. Ki yafe mana, 'yata."

Ta so ta yi faɗa. Wallahi ta tanadi maganganu cike da ciki, amma sai idonta ya koma kan filin kwanar nan.

Doniyor ya buɗe ƙofar mota. Tafin hannunsa duk ya ɗuri ruwa ya fashe.

"Kai ka rushe?" ta tambaya a hankali.

Ya girgiza kai. "Na ɗaga gatari na kasa, Zebo. Na tsaya ina kuka kamar ƙaramin yaro. Inna ce ta karɓe. Ta ce, matsa, ragon banza, ubanka da kansa zai rushe da yana raye. Ita ta fara sara."

"Shi ne ka bar ni ina ta tsine maka a zuci?"

"Na ci tsinuwar, hasken idona. Ki sauko... don Allah ki sauko gida."

Aka fito da Asil a kan gadon ɗauka, sannu a hankali, babu wanda ya kai hannu sai da Zebo ta ce. Yaron ya juya ido yana dube-dube.

"Kaka, ina ɗakin Kakana?"

Inna Muborak na tsaye a bakin ƙofa, ɗankwalinta fari fat da ƙura, ta rame kamar wadda ta tashi daga jinya. Ta shafa kansa.

"Kakanka ne ya matsa, ɗan albarka. Ya ba ka hanya."

Zebo ta durƙusa ta rungume ƙafafun tsohuwar, ta fashe da kukan da ta riƙe tun ranar da ta ɗaga wayar nan.