Jiniya a Bakin Surayya

Ranar wata Laraba ce cikin damina, rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, Injiniya Isiyaku ya shigo gidansa da ke Tudun Wada rungume da wani baƙin akwatin ƙarfe. Shekara goma sha ɗaya yana aiki a wani gidan rediyo a Zariya, kuma wannan akwati shi ne amanarsa. In hukuma ta aiko da labarin ambaliya ko gobara, akwatin ne ke katse duk shirin da ake yi, ya saki jiniya sau uku, sannan a karanta wa jama'a sanarwa. Kwana biyu ke nan yana gardama, shi ya sa ya taho da shi gida ya gyara.

Ya zauna a bakin tsohuwar rijiyar da aka rufe a kusurwar tsakar gida, don nan ne kawai ke da sauran haske. Matarsa Atika ta leƙo daga madafa.

"Malam, almuru fa ya yi. Ka bari sai da safe mana."

"Gwaji ɗaya kawai," in ji shi. Ya jona lasifika, ya danna maɓalli, ko bisimilla bai yi ba.

Jiniyar ta tsaga gidan, kaji suka watse. Da ta ɗauke, sai gidan ya yi tsit. Can ƙasan rijiyar, wadda ta shekara ashirin babu ruwa, wani abu ya yi siririn kuka kamar na jinjiri, ya yi shiru.

Washegari daidai wannan lokaci aka fara jifa. Dutsen farko ya sauka kan kwanon ɗaki. Na biyu ya fasa randa. Na uku ya sami Atika a goshi, jini ya rufe mata ido. Isiyaku ya fita lungu da tocila, ya zagaya bayan gida, bai ga kowa ba, kuma duwatsun da ya tsinta masu zafi ne kamar daga murhu aka ciro su.

Ran Juma'a 'yarsu Surayya, budurwa mai shekara goma sha bakwai, tana kwashe shanya, sai ta tsaya cak. Wuyanta ya sandare. Ta buɗe baki, jiniyar ta fito daga maƙogwaronta, sak ta gidan rediyo, sau uku.

Duk unguwar an san wannan ƙarar. Mata suka suri yara suka fito a guje, masu acaɓa biyu suka yi karo a bakin layi, aka ture Inna Talatu mai ƙosai a cikin kwata har ƙugunta ya goce. Da aka gane daga inda ƙarar ta fito, maza suka taru a ƙofar gidan Isiyaku. Wani dattijo ya nuna shi da sanda.

"Wallahi ko gobe rediyonku ya yi wannan kukan, babu inda za mu motsa."

Wannan maganar ta fi jifan tsorata shi. Ya san akwai gidaje a bakin rafi waɗanda ba su da wani mai tashin su sai wannan jiniyar.

Ya koma ciki ya riƙo hannun 'yarsa. Ta ɗaga shi da hannu ɗaya ta maka shi da bango, damtsensa ya karye. Maza huɗu suka danne ta, ta ciji ɗaya har tsoka, ta watsar da sauran.

Bayan la'asar ɗin Asabar aka ɗauko Malam Sharfaddeen daga Tudun Jukun, wani siririn dattijo mai ruƙiyya wanda ba ya ɗaga murya. Ya sa aka ɗaure ƙafafun Surayya da rawani, ya zauna daf da kanta, ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Surayya ta yi ta buga ƙeya da ƙasa, Atika na tare ta da tafin hannu tana kuka. Can sai wata murya ta fito daga bakin yarinyar, muryar babbar mace, a dishe.

"Ya isa. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke, me ya kawo ki jikinta?" in ji malamin.

"A rijiyar nan muke tun kafin a gina gidan. Ban taɓa kowa ba. Ɗana kwanansa tara a duniya, wancan mutumin ya kafa masa ƙarfe a ka ya fasa masa kunnuwa. Yanzu ina kiransa, ba ya juyowa."

Isiyaku ya durƙusa, hannunsa a ɗaure da ɗori. "Ban sani ba. Na rantse da Allah ban sani ba."

"To ka farfasa akwatin a gabana. In ba haka ba, kullum almuru sai na yi kukan nan, har ranar da ruwa zai zo da gaske kowa ya yi kwanciyarsa."

Ya dubi akwatin, ya dubi 'yarsa da leɓenta ya fashe. Atika ta miƙo masa taɓarya. Ya karɓa, sannan ya ajiye ta.

"Ba zan iya ba, Malam. Rayukan mutane ne a ciki."

Malam Sharfaddeen ya ci gaba da karatu, wannan karon da ƙarfi. Jikin yarinyar ya lanƙwashe kamar baka, muryar ta yi ta ihu har ta koma roƙo. Sai ya tsagaita.

"An cuce ki, amma bisa kuskure, yarinyar nan kuwa ba ta yi miki komai ba. Ga abin da za a yi. Ba za a ƙara kunna akwatin a gidan nan ba. A wurin aikin ma, in gwaji ne, sai da hantsi, kuma sai ya yi sallama sau uku. Za a buɗe rijiyar kwana uku ki kwashe naki ki tafi. Kin yarda?"

Idanun Surayya suka juya wajen rijiyar.

"Na yarda."

"Ta babban yatsan ƙafa za ki fita."

Muryar ta yi wata 'yar dariya. Kan Surayya ya fizgu gefe guda, jini ya tsarto daga kunnenta na hagu, ta yi luƙus.

Tun daga ranar jifa ya tsaya. Isiyaku ya mayar da akwatin wurin aiki, sannan ya bi gidajen unguwa da na bakin rafi ɗaya bayan ɗaya, yana ba da haƙuri, yana roƙon su in sun sake jin jiniya su tashi.

Likita a asibiti ya ce dodon kunnen ya fashe, ba zai gyaru ba. Da suka fito, uban ya sunkuya ta hagunta a cikin keke mai ƙafa uku ya ce, "Ki yafe mini, Surayya."

Tana ta kallon titi abinta. Ya sa mai keken ya tsaya, ya sauka, ya zagayo ta damanta, ya sake faɗa.