Akwatin Kifin Abba

Akwatin kifin da aka shuka wa tsirrai ba ya buƙatar injin tace ruwa. Abba ne ya gano haka, kuma duk baƙon da ya zauna a falonsa sai ya sha wannan karatu kafin ya sha ruwa. Kifi ya yi kashi, tsiro ya ci, ruwa ya tsarkaka. Haka gidansa ma yake tafiya, in ji shi, ba a sa masa hannu daga waje.

'Yarsa Auta ta san ragowar karatun. Abba na fita ofis, Umma za ta zura tiyo ta zuƙe dattin akwatin zuwa cikin bokiti, ta yi ta jido sabon ruwa. Da likita ya hana Umma ɗaukar nauyi, Auta ta gaji bokitin. Yanzu ga Dogo, mai kantin magani, yana son aurenta, ita ma ta mutu a kansa. To in ta tafi, bayan wa zai karye?

Ta faɗa wa Dogo tana kuka. Ya ce, "Share hawayenki, masoyiyata, wannan ai ƙaramin abu ne." Soyayya ta hana shi tambayar wane irin mutum ne Abba.

Ranar da ya zo gaida iyayenta, da kwali ya shigo. Abba ya buɗe, ya ga injin tace ruwa ne a ciki, ya daɗe yana kallonsa.

"Wato ruwan gidana ƙazanta ne."

Dogo ya fara rantsuwa. Abba ya ci kwalarsa, ya zabga masa mari, ya ce maganar aure ta mutu yau. Auta ta shiga tsakani, ya hankaɗe ta ta bugu da kujera. Sannan ya ɗaga injin ya jefi Dogo da shi. Dogo ya duƙa.

Injin ya sami akwatin kifin, gilashin ya tarwatse. Ruwa ya kwararo da yashi da tsirrai, kifaye suna ta tsalle a kan kafet. Umma ta zube a gwiwa tana tsince su cikin mayafinta, ba ta ma lura gilashi ya tsaga mata tafin hannu ba sai da mayafin ya yi ja.

"Ga injinka nan, Abba," in ji Auta, tana nuna uwarta. "Tun ina firamare take tace maka ruwa..."

Umma ta ce mata ta yi shiru, ba a yi wa uba haka. Dogo, da shatin yatsu a kunci, ya ɗaure wa Umma hannun da hankicinsa. Abba ne ya riƙe masa bakin ƙullin.

An yi auren. Abba ya kawo sabon akwati, ya kuma sanar da surukinsa cewa har gobe tsirrai ba sa buƙatar inji.

Wata safiya Auta ta zo ba zato. Ta tarar da Umma a kujera, hannu a naɗe, tana nuni da haɓa. Abba kuwa ya naɗe ƙafar wando, yana fita da bokiti cike da ruwan kifin, a hankali, don kada ya zuba.