Kwaltar da Aka Zuba da Magariba

Da yammacin da abin ya fara, Bi Mwanakombo, wato Uwargida Mwanakombo, tana tsakar gida tana kankare kwakwar da za ta zuba a shinkafa. Gidan abincinsu yana gaba, a bakin titin da ya fita daga Tanga zuwa Pangani. Su kuma suna zaune a ɗakunan baya, ita da mijinta Mzee Sudi, wato dattijo Sudi, da 'yarsu tilo, Riziki. Ladan ya ɗaga murya ya sauke. Iskar teku ta ɗauke cak. Sai wani abu ya faɗo kan kwanon rufi, ya gangaro a hankali, ya tsaya gaban ƙafarta.

Tsakuwa ce baƙa, naɗe da kwalta. Tana ɗauka ta yar, don zafinta kamar yanzu aka tsamo ta daga wuta.

Ta san inda ta fito. Filin ajiye motocin da ke gaban gidan abincin ya daɗe yana hana su sukuni. Duk damina sai ya zama taɓo, motoci su kafe, masu cin abinci su wuce gaba. Ita bulon shimfiɗa take so, irin wanda ake jerawa a kan yashi. Shi ya ce ciyawa za ta tsiro a tsakani. Tsakuwa kuma tayoyi ke kwashe ta, siminti tsagewa yake yi. Kwalta dai, kwalta.

"Mwanakombo, kin taɓa ganin ciyawa a gaban banki?" in ji shi.

Ran da za a zuba, motar kwaltar ta makara, ba ta iso ba sai da rana ta yi ja. Ta ce a bari sai da safe. Direban ya ce in ta huce ta zama dutse. Haka suka malala ta tana tafasa, daidai kiran magariba, a ƙasar da ita ko ruwan zafin shinkafa ba ta zubarwa sai ta yi bismilla. Babu wanda ya ambaci sunan Allah. Ƙarar injin kawai ake ji.

Tun daga faɗuwar tsakuwar nan, kullum magariba sai an yi jifa. Aka zagaya, ba kowa. Daga baya aka soma jin wani nishi daga ƙarƙashin filin, siriri, irin na yaron da ya gaji da kuka. Masu aikin kicin suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Motoci na zuwa da rana, filin na sheƙi sumul, amma ba mai yarda duhu ya same shi a wurin.

Sannan abin ya shigo gida. Riziki ta fito daga wanka ta tsaya a bakin ƙofa, ta dafe ƙirji.

"Mama, an ɗora mini wani abu. Ba na iya jan iska."

A asibiti suka duba ƙirjin suka ce lafiyarsa ƙalau. Amma tafin ƙafarta ya ɗuri ruwa kamar wadda ta taka garwashi, gashinta na warin kwalta komai yawan wanki, numfashinta kuma kullum ƙara gajarta yake yi. Bi Mwanakombo ta daina barci. Takan zauna da hannu a ƙirjin yarinyar, tana jiran kowane ɗagawa kamar shi ne na ƙarshe. Da ta ga leɓen Riziki ya fara dushewa, ba ta nemi izinin kowa ba, ta aika Pangani aka ɗauko Maalim Kibwana, malamin ruƙiyya.

Tsoho ne siriri, ba ya gaggawa. Ya zagaya filin ba takalmi, ya tsaya tsakiyarsa ya daɗe. Ya yi sallar magariba, ya zauna a gefen tabarmar da aka kwantar da Riziki, ya fara karatu. Fitila ta yi ƙasa. Jifa ya tsaya. Can yarinyar ta tashi zaune, idanunta a kafe, muryar da ta fito daga bakinta ta wata dattijuwa ce, a shaƙe.

"Ya isa, Malam. Ƙuna biyu ta yi mini yawa."

"Wace ce ke? Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ita ba ta yi ba. Ga shi can, mai gaban banki." Yatsan Riziki ya nuna ubanta, wanda ya maƙale jikin bango. "Tun babu titin nan muke ƙarƙashin filin. Magariba muke fitowa shan iska. Ɗana yana bakin ƙofa suka zubo wuta, ko gafara ba su ce ba. Suka toshe ƙofar, ni ina waje, shi yana ciki. Ba ruwa, ba iska. Na ɗaure numfashinta da nasa. In nasa ya tsaya, nata ya tsaya."

Bi Mwanakombo ta riƙo hannun 'yarta.

"An zalunce ki," in ji Maalim, "amma ke ma kin kama wadda ba ruwanta. Faɗi abin da zai raba ku."

"Baƙin bunsuru. A yanka a tsakiyar filin."

"Ba a zubar wa kowa jini sai domin Allah. Wannan ki manta da shi."

Ƙirjin Riziki ya tsaya, ya daɗe, sannan ya ɗaga da ƙyar.

"To a ɓamɓare baƙar fatar nan duka. A bar ƙasa yadda Allah Ya yi ta."

"Duk abin da na mallaka na zuba a ciki," Mzee Sudi ya faɗa. "Maalim, ba za a iya huda ɗan rami kawai…"

Matarsa ba ta ko dube shi ba. Ta ja gwiwa ta matso kusa da Riziki har ta ji hucin kwalta a fuskarta.

"Baiwar Allah, uwa ce ke, uwa ce ni. Za a ɓamɓare, yau. Amma in filin ya koma taɓo, mu ma abincinmu ya yanke, mu tashi, wani ya saya ya zuba miki abin da ya fi wannan. Ki zaɓa da kanki. Siminti?"

"Kabari ke nan."

"Tsakuwa?"

"Mu wuni ana tauna mana kai?"

"To bulo a kan yashi, ba siminti a tsakani. Ruwan sama zai ratsa, iska za ta ratsa. Da hannu ake jera shi, ba wuta. Da safe za a yi, da sunan Allah."

Idanun nan kafaffu suka tsaya a kanta.

"Ƙofata kuma?"

"Ba bulo, ba taya, muddin ina raye."

"Ke na yarda da ke. Yi sauri, yana tafiya."

Bi Mwanakombo ta fita da gudu ba mayafi. Ta ɗauki digar da ma'aikata suka bari, ta je inda Maalim ya tsaya ɗazu, ta yi bismilla da ƙarfi, ta sara. Kwaltar ta ƙi. Ta sake, ta sake, tafin hannunta ya fashe. Sai ta ji an karɓe digar daga bayanta. Mzee Sudi ne, hawaye na bin gemunsa. Ya ɗaga ya maka, baƙar shimfiɗar ta tsage, wata iska mai ɗumi ta huro daga tsagar kamar an buɗe murfin tukunya.

Daga cikin gida suka ji atishawa, sannan doguwar ajiyar zuciya, sannan muryar da suka sani.

"Mama? Ƙishirwa nake ji."

Yanzu filin bulo ne, jere kamar haƙoran mataji, ciyawa na leƙowa ta tsakani. A tsakiyarsa, daidai inda kowane direba zai so tsayawa, akwai ƙasa tsirara mai faɗin tabarma, an kewaye ta da duwatsu. Baƙi kan yi mita, su tambayi dalilin ɓata wuri mafi kyau. Mzee Sudi ne ke fitowa da kansa ya nuna musu gefe.

Ran da ruwan farko ya sauka da magariba, Bi Mwanakombo ta tsaya a baranda, Riziki na jingine da kafaɗarta. Ruwan bai kwanta ba. Yana faɗuwa yana shigewa tsakanin bulon, da ɗan sauti ƙasa-ƙasa, irin na yaro mai shan ruwa bayan doguwar jinya.